Inuwar Bitrus ko Ƙafar Yustiniyan: Wane Zanen Warkarwa Ya Dace da Bangonku?

Kwamitin coci, ko sistar da ke riƙe da ƙaramin asibitin mishan, ko malamin makarantar koyon aikin jinya, in suka tashi neman zanen warkarwa da za su buga su rataya, akwai guda biyu da ya kamata su auna kafin su biya kuɗin bugu. Dukansu a birnin Fulorans na Italiya aka yi su, kuma tsakaninsu bai kai shekara 20 ba. Na farko aikin Masaccio ne, wanda ya nuna Manzo Bitrus yana tafe a titi inuwarsa tana warkar da marasa lafiya. Na biyu aikin Fra Angelico ne, inda waliyyai Kosmas da Damiyan suke dasa wa wani mai barci, wanda ake kira Yustiniyan, sabuwar ƙafa. A allon waya duk ɗaya suke, hoto ne mai kyau na mutanen da. A bango kuwa, aikin da kowanne yake yi ya sha bamban da na ɗan'uwansa, kuma wanda ya sa ɗaya a wurin ɗaya zai ga sakamakon a fuskar masu kallo.

A fara da na Masaccio. Yana cikin ɗakin addu'ar gidan Brancacci, a cocin Santa Maria del Carmine, an zana shi wajajen 1426 zuwa 1427, tsayinsa santimita 230, faɗinsa 162. Labarin daga Ayyukan Manzanni 5:15 ne, inda mutane suke fito da marasa lafiya bakin hanya don ko inuwar Bitrus ta sauka a kansu in ya zo wucewa. Bitrus yana tahowa kai-tsaye wajen mai kallo, tsoho mai furfura, bai ko waiwayi majinyatan ba, Yohanna yana bayansa. A gefen hagu ga mutum uku da ya kamata a karanta su daga baya zuwa gaba. Wanda Bitrus ya riga ya wuce yana tsaye, ya haɗa hannuwa. Na tsakiya, dattijo marar riga, yana durƙushe ya rungume ƙirjinsa, inuwar tana kansa. Na gaba kuwa gurgu ne a ƙasa, ƙafafunsa sun shanye, ya dogara da hannuwansa ya ɗaga kai yana jira. Mai zanen bai ƙawata shi ba ko kaɗan. Irin gurgun da ake gani a bakin kasuwa ne, kuma titin ma titin Fulorans ne na zamanin, da gidajen talakawa masu fitattun benaye da katangar gidan attajiri.

Abin da ya sa zanen ya yi ƙarfi shi ne hasken. Zanen yana gefen hagu na bagade, taga ta gaske kuma tana tsakiyar bangon, saboda haka Masaccio ya sa hasken cikin zanen ya fito daga dama, inuwa ta faɗi hagu, a kan majinyatan. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne ga mai ratayewa, za mu dawo kansa. Masaccio ya rasu a Roma a 1428 bai cika shekara 27 ba, ya bar ɗakin ba a gama ba, sai Filippino Lippi ya ƙarasa shi a shekarun 1480.

Na Fra Angelico ƙarami ne, santimita 37 tsayi da 45 faɗi, kamar tiren da ake kawo wa baƙo abinci. Ɗaya ne daga cikin ƙananan allunan da aka jera a ƙarƙashin babban zanen bagaden cocin San Marco, wanda attajirin Fulorans Cosimo de' Medici ya ba da kwangilarsa, aka yi shi tsakanin 1438 da 1443. An warwatsa allunan daga baya: wasu suna Munik, ɗaya a Dablin, ɗaya a Faris, ɗaya a Washinton, wannan na ƙafar kuma yana gidan tarihin San Marco a Fulorans. Kosmas da Damiyan tagwaye ne likitoci, 'yan asalin yankin Larabawa, waɗanda al'adar ikilisiya ta ce ba sa karɓar kuɗin magani, an kuma kashe su saboda bangaskiya a zamanin sarki Diyokilishan. Cocin Katolika tana tuna su ran 26 ga Satumba, su ne kuma waliyyan likitocin tiyata da masu harhaɗa magani.

Labarin ƙafar ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Ya yaɗu ne ta littafin tarihin waliyyai da ake kira Legenda Aurea, wanda Yakubu na Voragine ya tattara a ƙarni na 13. Wani mai hidima a cocin waliyyan biyu a Roma, wadda Fafaroma Filikus na huɗu ya keɓe a ƙarni na 6, ciwo ya cinye masa ƙafa. Yana barci sai waliyyan suka zo da man shafawa da kayan aiki, shekaru da yawa bayan mutuwarsu. Suka je maƙabarta suka yanko ƙafar wani Bahabashe da aka binne a ranar, suka dasa masa, suka kai ruɓaɓɓiyar suka haɗa a jikin gawar. Da ya farka ya ga ƙafarsa lafiya, aka buɗe kabarin aka tarar da tasa a can. Wasu ruwayoyin suna kiran mutumin Yustiniyan, da wannan sunan ne aka san zanen. Fra Angelico ya zana ɗaki mai tsabta, da gado, da labule, da 'yar taga a sama, da kujera 'yar tsugune, da takalman mai barcin a ajiye. Waliyyan suna sanye da jajayen huluna irin na likitocin Fulorans, sun sunkuya a kan baƙar ƙafar suna daidaita ta. Babu jini, babu gawa, majinyacin kuma barcinsa yake yi.

Tambaya ta farko: su wa za su zauna a ƙarƙashinsa?

A nan ne zaɓin yake yankewa, kafin maganar kyau. Labarin inuwar Bitrus nassi ne. Ɗan Katolika, da ɗan Angilika, da ɗan ECWA, da ɗan COCIN, da ɗan Baftis, kowa zai buɗe Littafinsa ya same shi. Fasto ba ya bukatar ya kare hoton a gaban dattawan ikilisiya. Labarin Kosmas da Damiyan kuwa al'adar Katolika da Otodoks ce, kuma abin da yake koyarwa shi ne waliyyan da suka mutu suna iya taimakon masu rai. Ikilisiyoyin da ba su yarda da roƙo ta wurin waliyyai ba za su ga wannan nan take, kuma suna da hujjarsu bisa koyarwarsu. Zauren da ɗariku dabam-dabam suke taro a ciki, na Masaccio ne ya dace da shi, ba sai an yi dogon shawara ba.

Asibitin mishan a Arewa ko a Nijar yana karɓar Musulmi da yawa, a wasu wuraren ma su ne mafi yawa. Abin sauƙi a nan shi ne babu ɗaya cikin zanen biyu da ya nuna fuskar Yesu, wanda Musulmi suke girmamawa a matsayin Annabi Isa kuma ba sa son a zana shi. Duk da haka akwai masu ƙin hoton mai rai gaba ɗaya a wurin da za su yi salla. Saboda haka kada a rataya ko wanne a bangon gabas na ɗakin da 'yan jinya suke shimfiɗa darduma. Wannan ladabi ne da ba ya cin ko sisi.

Sai maganar baƙar ƙafa, wadda bai kamata a yi mata kwana ba. Mai kallo a Kaduna ko Jos ko Maraɗi zai fara ganinta kafin ya ga waliyyan, zai kuma tambaya ta wane ce. Amsar gaskiya ita ce ta ɗan Afirka ce da aka tono daga kabari, ba a tambayi danginsa ba, labarin ma bai damu ya faɗi sunansa ba. Masu zane sun so baƙar ƙafar ne domin ita take nuna wa mai kallo cewa dashe aka yi. Akwai masu karanta ta da cewa jikin ɗan Adam ɗaya ne, ƙafar baƙi ta zauna daram a jikin fari. Akwai kuma masu ganin an mai da jikin baƙar fata wurin ɗebo kayan gyara. Karatu na biyun yana da tushe, musamman in aka dubi yadda labarin ya koma a Sifen a lokacin da ake sayar da bayi 'yan Afirka a Sebil da Balensiya. A gidan tarihin sassaƙa na Bayadolid akwai wani sassaƙen katako na tsakiyar ƙarni na 16 da ake danganta wa Isidro de Villoldo, inda baƙin mutumin yake kwance a ƙasa da dungun ƙafarsa, fuskarsa ta mai jin azaba, kamar da ransa aka yanke. Na Fra Angelico bai kai can ba, amma tambayar tana nan a cikinsa. Hoton da yake tayar da irin wannan tambaya yana bukatar malami a kusa. A aji alheri ne, domin daga shi za a shiga maganar izinin majinyaci, da haƙƙin gawa, da cinikin ƙoda. A ɗakin jira, inda babu mai amsawa, sai ya bar mutane da ɗaci a rai.

Wuri ɗaya kuma da muke cewa kada a kai shi ko da kyauta aka samu: ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yanke wa ƙafa, ko masu gyambon ciwon suga da ake lallashi su yarda a yanke. Mutumin da ya farka ya ga babu ƙafa, bai kamata abin da zai fara gani a bango ya zama wani da ya farka ya ga sabuwa ba.

Amma kada a ɗauka na Masaccio ba shi da nasa haɗarin. A cikinsa babu magani, babu taɓawa, babu likita. Inuwa ce kawai ta wuce. Duk ma'aikacin lafiya ya san wahalar da ake sha da mai tarin fuka da ya ji sauƙi a wata na biyu ya watsar da maganin wata shida, ko mai ƙwayar cutar HIV da aka yi wa addu'a ya daina zuwa karɓar magani. A gaban tagar ba da magani, hoton da yake cewa warkarwa tana zuwa ba tare da hannu ba yana iya ja da abin da nas take faɗa. Ta wannan fuskar na Fra Angelico ya fi kusa da aikin asibiti, domin waliyyansa likitoci ne, da hannunsu suke aiki. Shi ya sa inuwar Bitrus ta fi zama daidai a ɗakin addu'ar asibiti, ko zauren coci, ko barandar shiga, a bar bangon ɗakin magani ga takardun da suke tuna wa mutane lokacin shan ƙwaya.

Malamin aji da ya zaɓi ƙafar Yustiniyan yana da abin faɗa har ya gaji. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi a Boston a 1954, Joseph Murray ne ya jagoranta, kuma ya yi nasara ne domin mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, jikin bai ƙi ƙodar ba. Ƙafa kuwa har yanzu abu ne mai wuya. A 2011 an dasa wa wani saurayi ƙafafu biyu a Balensiya, amma cikin shekara biyu aka cire su, saboda wata cuta ta tilasta a tsayar da magungunan da suke hana jiki ƙin dashen. Ɗalibi da ya ji wannan zai kalli zanen da wani ido.

Yadda aka yi su, da abin da hakan yake jawowa a wurin bugu

Na Masaccio zanen ɗanyen shafe ne. Ana yi wa bango shafen farko mai kaushi na farar ƙasa da yashi, a zana fasalin da jan ƙasa, sannan kowace safiya a shafa siririn shafe na biyu daidai yankin da za a iya gamawa a ranar. Ana dama launi da ruwa kawai a shafa tun shafen yana ɗanye. Yayin da yake bushewa, farar ƙasar tana shan iskar da ke kewaye ta koma dutse, ta riƙe launin a cikinta. Wanda ya makara, shafen ya daina sha, sai a kankare a sake. Wannan ya sa mai irin wannan zane yake aiki da manyan fasali da faffaɗan burushi, don a gani daga nesa. Fuskar zanen ba ta ƙyalli, launukan kuma na ƙasa ne: ruwan ɗorawa, ja mai duhu, toka-toka.

Na Fra Angelico fentin ƙwai ne a kan katako. Ana shafe allon da alli da gam na fatar dabba, shafi a kan shafi, a goge har ya yi santsi, sannan a dama garin launi da gwaiduwar ƙwai. Wannan fenti yana bushewa nan da nan, ba ya yarda a cakuɗa shi a kan allo, sai dai a jera ƙananan layuka da siririn burushi. Aikin kusa ne, don idon da yake nesa da shi kamu ɗaya ko biyu.

Abin da wannan yake nufi a shagon bugu shi ne, na Masaccio rage shi za a yi, na Fra Angelico kuma ba ya son a ƙara shi. Akwai sa'a ɗaya a na Masaccio: in aka raba 230 da 162 ana samun 1.42, takardun A kuwa 1.41 ne. Wato yana shiga A1, mai santimita 59.4 da 84.1, a tsaye, kusan ba a yanke komai ba. A2, mai 42 da 59.4, shi ne mafi ƙanƙanta da za mu yarda da shi. Ƙasa da haka inuwar da ke ƙasa tana ɓacewa, hoton ya koma wasu mutane a titi. Na Fra Angelico kuwa a buga shi daidai girmansa na asali, 45 da 37, a kan A2 a kwance. Zai bar santimita 2.5 sama da ƙasa, da kusan 7 a kowane gefe, wurin da za a sa rubutun bayani ko a rufe da kwalin firam. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa mai bugu ya cika takardar. Zai ja hoton ta gefe, waliyyan su yi ƙiba, ko ya yanke tagar da takalman. A gaya masa a fili kada ya ja, kada ya yanke. Wanda kuma ya hura shi zuwa mita ɗaya da rabi zai ga tsagewar katako da layukan burushi sun fi fuskokin fitowa.

Sai girman fayil. Don A1 da za a kalla daga mita ɗaya zuwa sama, ɗigo 150 a inci ya isa, wato fiksel 3508 da 4967. Don ƙaramin allon da za a tsaya dab da shi, a nemi ɗigo 200 aƙalla, wato wajen 3540 da 2910, in an samu 300 ya fi, wato wajen 5315 da 4370. Hoton da aka sauke mai fiksel 800 ko 1200 yana da kyau a waya, a bango kuwa fuskoki za su narke. Kada a aika wa mai bugu ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar tana matse shi. A aika a matsayin fayil, ko a kai a filasha.

Akwai tarko na musamman a na Masaccio. Gobara ta cinye yawancin cocin a 1771, ɗakin ya tsira amma hayaƙi da zafi sun taɓa shi, ga kunkunniyar kyandir ta ɗaruruwan shekaru. An wanke shi a babban gyaran shekarun 1980. Hotunan da aka ɗauka kafin gyaran suna nan suna yawo a intanet, launinsu ruwan ƙasa mai duhu, kuma a cikinsu inuwar Bitrus ta haɗe da dattin bango. A duba sararin sama da bangon gidaje: in suna da haske, launin rigunan ya rabu sarai, to na bayan gyara ne. In komai ya yi kalar shayi, a bar shi.

Game da takarda da tawada, na Masaccio yana son takarda marar ƙyalli, domin asalinsa bango ne. A kan takarda mai sheƙi sai ya yi kama da kalanda, hasken taga kuma ya riƙa wanke fuskokin. Na Fra Angelico yana ɗaukar mai ɗan sheƙi kaɗan. A tambayi mai shago ko tawadarsa ta garin launi ce ko ta rini. Ta rini ta fi araha, amma a ɗaki mai haske ja da ruwan hoda suke fara tashi, hoton ya koma shuɗi-shuɗi. Hakan ya fi cutar da na Fra Angelico, wanda jajayen huluna da riguna suke riƙe da shi. Ledar talla da ake buga hoton 'yan takara da ita ba ta dace da ko ɗaya ba, saƙar jikinta tana cinye ƙananan abubuwa, duhun ɗakin Yustiniyan kuma yana zama baƙin dunƙule. Kafin a buga babba, a biya kuɗin gwaji a A4 na yanki ɗaya a ainihin girmansa: ga Masaccio yankin gurgun da inuwar, ga Fra Angelico yankin ƙafar da zanin gado. In baƙar ƙafar ba ta rabu da duhun da ke kewaye da ita ba, a sa a ɗaga hasken wuraren duhu kaɗan, a sake gwaji.

Dokar Italiya tana neman izini da biyan kuɗi ga mai son yin kasuwanci da hotunan kayan tarihin da ke hannun hukuma. Kwafi ɗaya na aji ko na bangon coci dabam, buga ɗaruruwa don sayarwa a harabar coci dabam. Masu niyyar sayarwa su nemi gidajen tarihin da suka saki hotunansu kyauta, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Ratayewa

Mu koma maganar taga. Tun da hasken Masaccio daga dama yake zuwa, a rataya shi inda taga ko ƙofa take hannun daman mai kallo. Inuwar da aka zana za ta bi hasken ɗakin, sai Bitrus ya zama kamar zai sauko. In aka sa shi inda haske yake zuwa daga hagu, ido yana jin wani abu bai daidaita ba ko da mutum bai san dalili ba. Ƙarshen baranda ya fi masa kyau, inda mai tahowa yake fuskantarsa daga mita 4 ko 5. Tsakiyar hoton ta kasance wajen santimita 150 daga ƙasa. Na Fra Angelico yana son inda za a matso kusa, kusa da allon aji ko a ofishin malami, in kuma masu kallon a zaune suke a sauke shi zuwa wajen 120.

Kada rana ta taɓa ko wanne kai-tsaye. A sa kwali tsakanin takarda da gilashi don a bar 'yar tazara ta milimita 2 zuwa 3, domin da damina takarda tana shan laima ta manne wa gilashi, in aka zo ɓamɓarewa launin ya bi gilashin. A liƙe bayan firam da tef saboda ƙurar hunturu da kyankyaso, a kuma sa ƙananan roba ko guntun kwalaba a kusurwoyin baya biyu na ƙasa, iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango, in ba haka ba fumfuna za ta fara daga baya. Gilashin roba ba ya fashewa, ya dace da ɗakin yara, amma da hunturu yana jan ƙura, busasshen tsumma kuma yana karce shi, sai a goge da mai ɗan danshi. Inda gara take, firam na alminiyam ya fi katako. A1 da gilashi yana da nauyi, ƙusa biyu yake so a cikin bulo, da fulogin roba.

In duka biyun ba su zauna ba

Wanda yake son Kosmas da Damiyan amma ba ya son rigimar ƙafa, akwai ɗan'uwan allon daga bagade ɗaya, girmansu kusan ɗaya, a gidan zane na ƙasa da ke Washinton: warkar da Falladiya. A hagu waliyyan suna duba wata mace a gadonta, a dama ta fito bakin ƙofa tana roƙon Damiyan ya karɓi 'yar kyauta. Labarin ya ce ƙwai uku ne, ya karɓa ne kawai domin ta haɗa shi da sunan Almasihu, Kosmas kuma ya yi fushi har ya ce kada a binne su tare. Wannan ya dace da ɗakin kwantar da majinyata, kuma ga ma'aikata ya fi kowanne magana, domin batunsa abin da ke shiga hannun mai jinya ne daga hannun majinyaci. Gidan ya saki hotonsa kyauta. Asibitin da zai rataya shi dai ya shirya amsa, don wani ɗan jinya zai karanta bayanin ya dubi rasit ɗin da ke hannunsa.

Wanda kuma yake son Bitrus amma bangonsa mai faɗi ne, ko yana son a ga hannu ya kama hannu, ya koma Ayyukan Manzanni 3, gurgun Kyakkyawar Ƙofa. Raphael ya zana shi a 1515 zuwa 1516 a kan takarda, sama da mita 3 tsayi da sama da mita 5 faɗi, a matsayin samfurin da masaƙan Burasel za su bi su saƙa labulen bangon ɗakin addu'ar Sistin da ke fadar Fafaroma. Yana gidan tarihin Victoria and Albert a Landan. Murɗaɗɗun ginshiƙai sun cika shi, jama'a sun yi yawa, saboda haka ba ya karantuwa ƙasa da A1. A kula kuma, saƙaƙƙen labulen juyin samfurin ne, hagu ta koma dama, duka biyun suna yawo a intanet. Na Nicolas Poussin na 1655, mai santimita 126 da 165, ya fi sauƙin samu, domin gidan tarihin Metropolitan na Niyok ya saki babban fayil ɗinsa ga kowa, har da mai sayarwa. A cikinsa Bitrus da Yohanna suna kan matakalar Haikali, suna fuskantar gurgun, abin da Bitrus na Masaccio bai yi ba.

Kowanne aka zaɓa, a sa masa rubutu da Hausa a ƙasa, haruffa masu tsayin santimita ɗaya aƙalla, layi uku ko huɗu: sunan mai zane, shekara, inda asalin yake, da tushen labarin. A na Masaccio, Poussin da Raphael a rubuta sura da aya. A na Fra Angelico a rubuta a fili cewa labarin al'adar ikilisiya ne daga tarihin waliyyai, a kuma faɗi cewa ƙafar ta wani Bahabashe ce, kada a bar ɗalibi ya gano da kansa ya zaci ɓoye masa aka yi.